Rumbun da Aka Sussuke Irinsa

Tasi'u, na shiga shafin intanet ɗin da kuka gina wa malaman harshe, na kuma daɗe a cikinsa. Ban taɓa zaton zan rayu in ji muryoyin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya suna ba da tatsuniya daga cikin waya ba, ga waƙoƙin dandali, ga kacici-kacici, ga darussan koyon karatu, duk a wuri guda. Wannan baiwa ce daga Allah, kuma na yi masa godiya da ya nuna mini ita. Amma tun da ra'ayina ka tambaya, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari, bayan shekarar fari da ta kusan ƙarar da iri a hannun mutane, dattawa suka yanke shawarar a gina rumbu ɗaya, kowa ya kawo abin da ya rage masa, domin kada wani iri ya sake ɓacewa. Aka ɗauko magini gwani. Ya tayar da rumbu wanda inuwarsa ke kaiwa bakin kasuwa da hantsi, ya shafe shi da makuba, ya zane shi tun daga gindi har wuya, har fatake kan tsayar da jakunansu su yi kallo. Mutane suka kawo iri yadda aka gada, wato a zangarniyarsa, an ɗaure dami-dami, domin da zangarniya manomi ke rabe gero mai saurin nuna da maiwa mai jiran ƙarshen damina. Maginin ya ga damman suna cin wuri, kuma ba su da kyan gani. Sai ya sa aka sussuke su duka, aka sheƙe, aka zuba hawa-hawa, fari a kan ja, ja a kan ruwan toka, har cikin rumbun ya koma kamar saƙar bargon luru mai ratsi-ratsi. Bakin rumbun kuwa ya kai shi can ƙololuwa, ya ƙuntata shi, don kada ƙofa ta ɓata masa zane.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, wani manomi ya taho daga ƙauyen da ke kan rairayi, inda damina ke ɗaukewa da wuri. Gero yake nema, wanda zai nuna kafin ruwa ya janye, domin rumbun gidansa ya kai ƙasa kuma iyalinsa sun dogara da wannan shuka. Ya hau tsani ya leƙa. Hasken rana ya bi ta kafaɗarsa ya sauka a ciki, sai ya ga jar kaurar da rabonsa da ita tun yana bin kakansa gona, ga acca, ga wani farin wake da ya ɗauka ya ƙare a duniya. Ya tsaya a kan tsanin yana tasbihi, ƙwalla na taruwa a idonsa, har ya manta abin da ya kawo shi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tuna masa cewa laima ba ta jiran kowa. Ya sunkuyo ya tambayi maginin inda geron yake, da inda maiwar take. Maginin ya yi dariya ya ce, "Haba baba, kana kan dukiya irin wannan kana neman ƙwaya? Ai duk hatsi ne, ɗebi." Manomin ya ce, "Ɗana, a tukunya duk hatsi ne. A gona kowanne da ranarsa." Amma zangarniya ta tafi, ƙwayar gero da ta maiwa kuwa kusan kamarsu ɗaya, bakin rumbun kuma bai bar hannunsa ya wuce hawan farko ba. Ya cika jakarsa da abin da yatsunsa suka taɓo, ya koma ya shuka tun ƙasa ba ta bushe ba.

Shukar ta fito da kyan da ba a taɓa gani ba a wannan rairayi. Kara ya yi kauri, ganye ya yi shar, tsawonsa ya shanye mutum a tsaye, masu wucewa suna cewa tubarkalla. Gonakin maƙwabta suka fid da kai, tasa tana ta ƙara tsawo. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, ita ko bunni ba ta yi ba, domin maiwa ce. Ya yanke karan ya yi danga da shi. Geron da zai ciyar da gidansa yana nan kwance a rumbun gari, bai fi taƙi ɗaya ba daga inda hannunsa ya tsaya.

To, malamar da ke ƙauye da waya ɗaya da 'yar data kaɗan, yara na jiran ta gobe da safe, ita ma ruwan shukarta ya sauka. Hotunan da ke juyawa a fuskar shafinku za su cinye datarta kafin ta kai ga darasi, kuma babu abin da ya nuna mata wanne ne na aji ɗaya, wanne ne na sakandare. Za ta ɗauki wanda hannunta ya kai, ta shiga da shi gaban yaran da ba su gama sanin baƙaƙe ba, zango ya ƙare ba su iya karatu ba. Abin da kuka tara ya isa ya raya harshe, Tasi'u. Ka koma ka mayar wa kowane iri zangarniyarsa, ka sauko da ƙofar inda mai gajeren hannu zai kai, domin kada a faɗa a kanku abin da magabata suka faɗa: rijiya ta bayar, guga ya hana.