Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kawo Madubi gidajen yari, ba a sakin fursuna sai na'urar ta karanta fuskar wani nasa, ta tabbatar ana ƙaunarsa a gida. Wanda ake ƙauna, in ji masana halayya, ba ya komawa ga laifi.

Zuwan Tabawa na huɗu ke nan saboda ɗanta Auwalu, wanda wa'adinsa ya cika tun bara.

"Iya, ki dube shi, ki kira sunansa," in ji jami'ar da ke kula da na'urar.

Tabawa ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Shekara talatin kunya ba ta bar bakinta ya furta sunan nan ba.

"'Yar nan, a garinmu ba a yi."

"Na sani, Iya. Madubin ne bai sani ba."

Tabawa ta daure ta ɗago kai, ta ce, "Auwalu."

Madubi ya yi ja. Jami'ar ta karanta a hankali: "Sunan nan baƙo ne a bakinta, koya mata aka yi. A dawo bayan wata shida."

Auwalu ya share ƙwalla. "Inna, je ki gida. Ni dai na ji."