Ƙofar Da Ba Ta San Tafiyar Tasi'u Ba

Tun da aka daina amfani da makulli a Gusau, da takun mutum ƙofofi ke gane shi. Ka taho yadda ka saba, sai su buɗe. Shi kuwa Tasi'u tun yana yaro gaɓoɓinsa ba sa jin maganarsa. Ko maɓallin riga zai saka sai ya yi gumi, takunsa na jiya daban da na yau.

Ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti, shi ya je ɗauko 'yarsu Zinatu daga makaranta. Yana isa ƙofar gilashi kafaɗarsa ta bugi ƙarfe, fitila ta yi ja.

"Baba Ilu, ni ne fa," ya ce wa maigadi.

"Na san ka, ɗana, ita ce ba ta san ka ba. Koma ka taho a hankali. In ta ƙara ƙi, za ta kira motar hukuma, a tafi da yarinyar sai an tantance."

Ya koma ya taho yana lallaɓa ƙafa, iyaye na ratse shi da 'ya'yansu. Fitilar ta sake yin ja.

Zinatu ta hango shi daga ciki, ta rugo tana kiran Abba. Ƙafarta ta harɗe, ta dafa bango, ta ci gaba. Haka shi ma yake gudu yana yaro. Fitilar ciki ta yi mata ja.

"Abba, me na yi?"

Ya durƙusa daidai fuskarta, gilashi a tsakaninsu. "Ba ki yi komai ba, Mamana."

A bayansa mota ta tsaya, Baba Ilu ya kau da kai.