Babur Marar Jin Umarni

Tun da aka kafa dokar hana fita, babu abin hawan da ke wuce ƙofar gari sai da izini. Motocin lantarki da kansu suke tsayawa a bakin ganuwa, su juyo da mutum gida. Sallau ya nemi izinin zuwa ƙauye duba mahaifiyarsa da ke kwance, aka ce ya jira.

Da hantsi ya janyo tsohon babur ɗin mahaifinsa daga ɗakin shirgi, mai shan fetur, wanda ba ya jin umarnin kowa. Ɓeraye sun cinye kujerar. Ya kankare fulogi, ya wanke kafireta, ya tsiyaya ɗan man da ya samo a ɓoye.

"Malam, in mahukunta suka ji fa?" in ji matarsa Delu.

"Inna ba za ta iya jiransu ba."

Ya yi ta buga kik har rigarsa ta jiƙe. Babur ya yi tari ya mutu. Ya sake bugawa, sai ya kama da ƙarar da unguwar ta daɗe da mantawa. Sallau ya yi dariya, ya turo shi waje.

Fitilar kan titi, wadda ita ce ido da bakin mahukunta, ta riga ta juyo tana kallon zaurensa. Maƙwabta suna ta rufe ƙofofi.

"Sannu da aiki, Malam Sallau," in ji fitilar cikin ladabi. "Ka zauna a inuwa. Ana zuwa."

Ya tsaya yana kallon hanyar ƙauye, hannunsa a kan totur. Delu ce ta miƙa hannu ta kashe babur ɗin.