Jitar da Aka Bari a Ƙofar Coci

"Ba a cocina ba, 'yar'uwa," in ji Fasto, ya tare ƙofa. "Blues kiɗan mashaya ne. Gawa ta shiga, jita ta tsaya."

Matar marigayin ta jingine jitar a waje. Shekara da shekaru mijinta ne ke tashin ƙauyenmu na Mississippi a Amurka da kiɗa duk Asabar. A rumfar soyayyen kifi yakan zura wuyan kwalba a yatsa, ya goga wa tsirkiya har ta yi kuka kamar mutum. Ran Lahadi kuwa kowa ya rantse bai san hanyar wurin ba.

Ana cikin addu'a sai matar ta fara rera wani amo, baki rufe. Kiɗan mijinta ne na tashin 'yan rawa. Dattijuwar da ke gefena ta karɓa.

"Mama, a ina kika san wannan?" na raɗa mata.

"Rufe min baki, ja'iri. Kai a ina ka san shi?"

Kafin ka ce kwabo duk coci ya ɗauka, ƙafafu na dukan katako, ana kuka ana dariya. Sai muka iso gaɓar da marigayin yakan ɗauke hannu cak, 'yan rawa su yi masa ihu ya ƙara. Muka yi tsit, kowa na tsoron tona kansa.

Daga kan mumbari murya ɗaya ta tsage: "Ƙara mana, maigida!"

Fasto ya toshe bakinsa da hannu.

Matar ta share hawaye. "Tunda Fasto ya roƙa, a shigo da jitar."