Abin da Diga Ta Tono

"Ajiye digar nan a hankali, ɗana," in ji surukin maginin.

Maginin ya ɗago kai daga cikin ramin yana dariya. Wata da watanni yana haƙa a kangon nan da ake cewa mutanen da sun binne zinariya, yau kuwa ga wani ƙarfe mai tsatsa, kaurinsa kamar damtse.

"Baba, ko ba zinariya ba ce, ai masu sayen ƙarfe za su so."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya yi aikin soja da ƙuruciyarsa. Ya durƙusa a bakin ramin, ya daɗe yana kallon ƙarfen.

"Harsashin igwa ne, kuma bai tashi ba. Tsatsa ba ta kashe shi. Ya sha bugu ko ya ji zafi, sai dai a kwashe mu a tabarma."

Maginin ya ajiye digar. Da safen nan ya tono irinsa ya kai gida, matarsa ta karɓa da murna, ta ce zai maye gurbin dutsen murhunta da ya fashe.

Ya waiga. Can bayan katangar gidansa, hayaƙi ya fara tashi.

Ya zura da gudu, ko takalmi babu, yana ƙwala mata kira.