Balaraben Alhaji Isiyaku

Karo na huɗu ke nan Alhaji Isiyaku yana cike fom ɗin neman izinin aiki na baƙo. Inda aka ce ya tabbatar babu ɗan ƙasa da zai iya aikin, nan ba ya ko gardama, har rantsuwa ya taɓa ƙarawa a gefen takarda. Duk cikin ganuwar Kano babu mahaluƙin da zai dafa shinkafa irin ta kukunsa Baiti. Inda yake maƙalewa shi ne lambar fasfo, domin Baiti ba shi da fasfo.

Wata bakwai da suka wuce mutumin ya faɗo. Lokacin gidan abincin Alhaji, wanda ya buɗe a zauren tsohon gidan yayansa a Zaitawa, ya kusa mutuwa, ƙudaje sun fi masu ci yawa. Sai ga wani dogo baƙi cikin jallabiya, da jaka ɗaya da takarda a hannu, yana ta zuba Larabci. Shi kuwa Alhaji, Larabcinsa daga sallame salla ya ƙare. Ya nuna shi da yatsa alamar yaya sunanka, baƙo ya dafa bango, ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "Baiti."

Alhaji ya karɓi takardar, ya ga hatimi har uku, ya yanke hukunci cewa shaidar ƙwarewa ce. Ana cikin haka baƙon ya leƙa tukunya, ya girgiza kai cikin takaici, ya ƙwace ludayi. Shi ke nan an ɗauki ma'aikaci.

Kafin wata ya zagayo layi ya kai bakin titi. Aka kafa allo: GIRKIN BALARABEN ASALI. Takardar nan aka sa mata gilashi, aka rataye ta can sama a ɗakin Alhaji. Wanda duk ya ce ai Balaraben nan ya fi gindin tukunyarsa baƙi, sai Alhaji ya ce jahilci ne, Larabawa ma kala-kala ne.

Abu ɗaya ke ci wa Alhaji rai. Baiti ba ya kiran sa da komai sai "Ammi". Mutum da gemunsa da furfurarsa, a riƙa kiran sa yadda 'yan boko ke kiran uwayensu! Ya haƙura ne kawai saboda shinkafa. Ita ma Gwaggo Tani, ƙanwar babansu da ke zaune a cikin gida, ta ƙara masa ciwon kai. Duk sanda Baiti ya wuce sai ta bi bayansa da kallo, ta share ido da gefen mayafi, ta ce tafiyar nan ta san ta. Alhaji ya ce Gwaggo ta tsufa, ko akuya ta wuce sai ta ce ta san ta.

Bai taɓa barin malaman unguwa su keɓe da Baiti ba. A ganinsa duk wanda ya iya magana da kuku, to zai iya saye shi. Don haka daga kicin sai ɗaki, ranar Juma'a kuwa da kansa yake raka shi masallaci, ya dawo da shi kamar kayan aro. Baiti bai damu ba. In ya sami sarari sai ya zagaya gidan yana shafa bango, yana auna ɗakuna da taku. Alhaji ya ce Larabawa haka suke motsa jini.

To, mai gidan abincin tsallaken titi ya kai ƙara. Wasiƙa ta zo daga hukumar shige da fice: mako biyu, ko a kawo izini, ko a rufe wuri a mayar da baƙo ƙasarsu. Alhaji ya tsorata ƙwarai, domin ya san ba Baiti, ba layi. Ya yi ta zarya ofis-ofis. Aka ce sai fasfo ake ba da izini, fasfo kuma sai ofishin jakadancin ƙasarsu, ƙasarsu kuma Alhaji bai san ta ba. A fom na farko ya rubuta Saudiyya, na biyu Sudan, na uku da ya fusata ya rubuta "Gabas".

Ranar da wa'adi ya cika, wata jami'a mai suna Malama Shamsiyya ta zo da kanta, da kwaɗon rufe ƙofa a jaka. Alhaji ya sa aka zubo mata shinkafa, ta ce ta ƙoshi. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya hau kujera ya sauko da gilashin nan.

"Hajiya, ki duba da kanki. Mutum mai irin wannan shaida za a kora? Wallahi a kaf Kano ba a haifi mai hannunsa ba."

Ashe ta yi karatun Larabci. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce a kira kuku. Baiti da ya ji ta yi masa magana da harshensa sai hawaye, ya yi ta bayani yana nuna rufi, yana nuna Alhaji. Ta saurara har ya gama, sannan ta mayar da kwaɗon cikin jaka.

"Alhaji, ba za a rufe maka ba, kuma ba ya buƙatar izini."

Alhaji ya ɗaga hannu sama zai yi hamdala, sai ta ci gaba.

"Takardar kora ce wannan. Daga Jidda aka koro shi don ba shi da izinin aiki a can, aka mayar da shi ƙasar ubansa. Sunansa Abdulmalik, ɗan yayanka Garba da ya tafi Hajji bai dawo ba. Ammi a Larabci, baffana ke nan. Baiti kuma, gidana. Ya ce in tambaye ka cikin ladabi, yaushe za ka kwashe tukwanenka?"