F Takwas da Gyara

Tunda ka dage sai ka ji abin da ya sa nake faɗa da mai cika gurbin lamba har baki, to saurara, ko da yake na san gobe kai ma sai ka yi. Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta, gwani ne, wannan ba a musu. Ɗan ma'auni ne, ya tashi yana ganin babansa ba ya juye mudu sai ya ƙara hannu guda na gyara. Surukarsa ta ji yana cika baki wai ya haɗa injin ƙyanƙyasa da hannunsa, sai ta aiko masa da ƙwan zabi ɗari biyu. Injin yana so a gaya masa tsawon lokacin da zai riƙe ɗumi. Gurbin da ake zuba lambar irin wanda ba ya sauka ƙasa da sifili ne, iyakarsa kuma a lissafin heksa, wato salon rubuta lamba na masu kwamfuta, 0xFFFFFFFF, F takwas a jere. Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake so, wannan lamba kuwa, da yake injin da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ƙidaya, ta kusa kwana hamsin. Ya zuba ta duka. Ya dube ta, ya tuna abin suruka ne, ba a kai mata mudu a shafe, sai ya rubuta a ƙara ɗaya.

To gurbin lamba ba mudu ba ne. In ya cika ka ƙara ɗaya, sifili yake komawa. Injin ya ga sifili, ya ɗauka lokaci ya yi, ya kashe ɗumi, ya bar fanka tana ta juyi. Gwanin ya ji ƙarar fanka, ya rufe ƙofa, ya hana kowa buɗewa kada ɗumi ya fita, ya tafi majalisa yana bayani. A mako na uku wari ya riga shi sanar da unguwa. Kada ka tambaye ni yadda na san warin. Suruka ta zo da kwandonta, ta leƙa, ta toshe hanci da mayafi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Ba ta ƙara ba. Shekara sha ɗaya ke nan, in ya je gaisuwa ƙwai take soya masa, kuma dole ya cinye. Bawan Allah ya gaji, amma wa zai kai wa ƙara? Garin neman ƙiba aka samo rama.